Malaman Jami'a da Rigimar Auren Jinsi a Amurka



A cikin watan Nuwamba na shekarar 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar wata mata mai suna Kim Davis. Ita wannan mata a dā akawu ce a wata gunduma ta jihar Kentucky, cikin aikinta kuwa har da ba da takardar izinin aure. A shekarar 2015, bayan kotun ta yanke cewa namiji na iya auren namiji, mace kuma ta auri mace, sai ta ce ita addininta na Kirista bai yarda a sa sunanta a kan irin wannan takarda ba. Alƙali ya tsare ta kwana 5 a kurkuku. Da aka shekara goma sai ta koma tana roƙon kotun ta soke wancan hukunci ɗungum, kotu kuwa ba ta ko karɓi ƙarar ba, saboda haka hukuncin 2015 ya tsaya yadda yake.

Na san waɗansu za su ce me ya kawo wannan magana filinmu. Matsayin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne ga kowace ɗayanmu, bayaninsa kuwa aikin malamai ne. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne labarin yana iske mu kullum ta rediyo da waya, guntu-guntu, kuma kusan kowane lokaci a kan haɗa shi da kalmomin nan uku, watau "bincike ya nuna". Mai goyon baya ya ce bincike ya nuna, mai suka ma ya ce bincike ya nuna. Ƙannenmu da 'ya'yanmu da za su shiga jami'a za su tarar da wannan magana tana jiransu. To, wa ya yi binciken, wa aka tambaya, kuma yaya takardar malamin jami'a take tashi daga tebur ɗinsa har ta zama doka? A shekarar 1960 babu jiha ko ɗaya a Amurka da ba ta hukunta wannan aiki. Cikin shekara 55 abin ya juya har ya kai ga aure, kuma a kowane zango na wannan tafiya akwai hannun malaman jami'a.

Amma a Ingila aka fara gardamar sosai. A shekarar 1954 gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir John Wolfenden, shugaban Jami'ar Reading, domin ya duba dokar karuwanci da ta luwaɗi. Rahoton ya fito a 1957, ya kuma ba da shawara cewa abin da baligai biyu suka yi a ɓoye da yardarsu kada ya zama laifin da ɗan sanda zai kama mutum a kai. Kwamitin bai ce abin yana da kyau ba. Cewa ya yi zunubi daban, laifin kotu daban. Wani babban alƙali, Lord Devlin, ya tashi a 1959 ya ƙi yarda. A ganinsa ɗabi'ar da jama'a suka haɗu a kai ita ce igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya, in aka bari ta tsinke al'umma za ta watse, don haka doka tana da ikon tsare ta. Shehun malamin shari'a na Jami'ar Oxford, H. L. A. Hart, ya mayar masa da amsa a wani littafi a 1963, ya ce ƙyamar da mutane ke ji ba ta isa dalilin ɗaure mutum ba sai an nuna wanda aka cutar, kuma ɗabi'un jama'a sun sha sauyawa ba tare da ƙasa ta rushe ba. Majalisa ta gyara dokar a 1967 a Ingila da Wales. Duk gardamar da za ku ji yau a kan wannan batu, a kowace ƙasa, in kun kasa kunne za ku ji ko dai muryar Devlin ko ta Hart a cikinta.

Wani abin mamaki, dokar Ingila maza kaɗai ta ambata. A 1921 an so a sa mata a ciki, sai Majalisar Dattawa ta ƙi, wai kada a sanar da matan da ba su taɓa jin akwai irin wannan abu ba.

Ita wannan tsohuwar doka ta Ingila ta biyo Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka, kuma nan ne zancen ya taɓo mu. Kundin hukunci da aka rubuta wa Indiya a 1860 yana da sashe na 377 a kan wannan laifi. Daga kundin Indiya aka tsara na Sudan, daga na Sudan kuma aka tsara kundin hukunci na Jihar Arewa wanda ya fara aiki a 1960, inda maganar take a sashe na 284. Waɗansu masana siyasa biyu, Enze Han da Joseph O'Mahoney, sun ƙirga ƙasashen duniya suka ga waɗanda Ingila ta mulka sun fi waɗanda Faransa ta mulka samun irin wannan doka, gama ita Faransa tun 1791 ta cire ta daga kundinta. Lissafinsu daidai ne a kan takardar doka. Sai dai wanda ya kafa hujja da shi ya ce Turawa ne suka kawo mana hanin ya yi gaggawa, domin littattafan fikihu sun riga Bature zuwa ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Haka kuma dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, wadda ta yanke ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, majalisar ƙasa ce ta yi ta. Ita kuwa Indiya, Kotun Ƙolinta ta kawar da hukuncin a kan baligai a 2018.

Mu koma Amurka. A can, ban da kasancewarsa laifi, likitocin ƙwaƙwalwa sun sa neman jinsi a jerin cututtukan taɓin hankali. Wadda ta fara girgiza wannan mace ce, Dakta Evelyn Hooker, malamar nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ta lura da wani abu mai sauƙi: duk waɗanda likitoci suka yi nazari a kansu, ko dai marasa lafiya ne da suka kawo kansu asibiti, ko kuwa fursunoni. Wanda ya tsaya a bakin asibiti yana ƙirga masu shiga, ai cewa zai yi duk garin babu mai lafiya. Sai ta nemo maza 30 masu neman maza waɗanda ba sa ganin likita, ta haɗa su da maza 30 masu neman mata, shekarunsu da iliminsu da kaifin basirarsu kusan ɗaya. Ta yi musu gwajin da likitoci suka amince da shi a lokacin, ta ɓoye sunaye, ta miƙa wa ƙwararru amsoshin ta ce su ware mata wane ne wane. Suka kasa, abin da suka ci bai wuce na mai canki-canki ba. An buga sakamakon a 1957.

Mutum 60 ba yawa ne ba, kuma waɗansu daga cikinsu ƙungiyar masu neman 'yancin ce ta samo mata su, masu suka kuwa ba su bar wannan ya wuce ba. Har wa yau ba takarda kaɗai ta yi aikin ba. A 1970 da 1971 masu zanga-zanga sun kutsa cikin taron shekara na likitocin ƙwaƙwalwa suka hana su sakat. A Disamban 1973 shugabannin ƙungiyar likitocin suka cire abin daga jerin cututtuka, waɗanda ba su yarda ba suka nemi a jefa ƙuri'a, a 1974 kashi 58 cikin 100 suka goyi bayan cirewar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 17 ga Mayu, 1990. Masu suka har yanzu suna cewa ina aka taɓa warkar da cuta da ƙuri'a. Masu karewa su ce tun farko ma ba da wani gwaji aka sa ta cikin jerin ba, da ra'ayin likitocin zamanin aka sa ta.

Daga likitoci sai masana tarihi. A 1986 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta tabbatar da dokar jihar Georgia, babbar hujjarta kuwa ita ce hanin daɗaɗɗe ne tun kaka da kakanni. Da wata ƙarar ta taso daga Texas, inda aka kama maza biyu a cikin gida a 1998 aka ci su tara, sai masana tarihi goma, George Chauncey yana gaba, suka rubuta wa kotu takarda. A tsarin shari'ar Amurka wanda ba shi cikin ƙara yana iya aika wa alƙalai bayani in yana da sani a kan batun. Suka nuna cewa tsofaffin dokokin sun hana aikin ne ga kowa da kowa, har miji da matarsa, kuma sai a shekarun 1970 ne waɗansu jihohi suka fara ware masu neman jinsi su kaɗai da hukunci. Alƙali Anthony Kennedy ya dogara da wannan bayani, ya kuma ambaci rahoton Wolfenden, ranar 26 ga Yuni, 2003 kotu ta soke dokar Texas da rinjayen 6 a kan 3, ta kuma soke hukuncinta na 1986. Dokokin jihohi 13 suka faɗi rana ɗaya. Alƙali Antonin Scalia, wanda bai yarda ba, ya rubuta cewa an buɗe ƙofar auren jinsi ke nan. Daidai shekara 12 bayan haka, rana ɗaya wata ɗaya, maganarsa ta tabbata.

A shari'ar aure kuwa abin har ya zama kamar an kwashe jami'a an kai ta kotu. A 2008 mutanen Kalifoniya sun jefa ƙuri'a, kashi 52 cikin 100 suka ce aure tsakanin mace da namiji ne kawai. Aka kai ƙara, a Janairun 2010 malamai suka yi ta hawa akwatin shaida. Farfesa Nancy Cott ta Jami'ar Harvard, wadda ta rubuta tarihin aure a Amurka, ta ce aure a ƙasarsu ya sha sauya kama. A dā matar aure ba ta da dukiyar kanta a gaban doka, duk abin da ta mallaka na miji ne, aka zo aka gyara. A dā waɗansu jihohi sun hana baƙi da farare aure, sai a 1967 kotu ta soke. (Uwargida da ke da akuyarta da jarin ƙuli-ƙulinta, ba mai taɓa mata, za ta yi mamakin jin cewa matar Ingila sai a 1882 ta sami cikakken wannan haƙƙi.) Daga ɗaya ɓangaren, Farfesa Robert George na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa biyu sun rubuta littafi a 2012 suna cewa duk gyare-gyaren nan ba su taɓa ginshiƙin ba, watau haɗuwar namiji da mace wadda daga gare ta ake samun zuriya, kuma saboda 'ya'ya ne gwamnati ta damu da aure tun farko. Alƙali Samuel Alito ya kafa hujja da littafinsu a 2013, Alƙali Kennedy kuma ya kafa hujja da na Cott a 2015. Ɓangaren Kennedy ya yi rinjaye da ƙuri'a ɗaya tak, 5 a kan 4.

Akwai wata tambaya da ta raba masana siyasa, ita ce ko kotu tana iya sauya zuciyar jama'a. Gerald Rosenberg na Jami'ar Chicago ya ce a'a tun 1991, ya kuma ƙara babi a kan auren jinsi a 2008. Hujjarsa a fili take. Da kotun Hawaii ta buɗe ƙofar a 1993, majalisar tarayya ta yi doka a 1996 cewa aure na mace da namiji ne, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Da kotun Massachusetts ta halatta a 2003, jihohi 11 suka haramta shi cikin tsarin mulkinsu rana ɗaya a zaɓen Nuwamban 2004, kafin a jima sun kai kusan 30. Watau an ci ɗaya an zubar da goma. Michael Klarman na Harvard ya yarda an yi wannan kumfar, amma ya ce hukuncin ya sa mutane sun fara magana a kan abin da dā ba a ko ambata. Ƙididdigar kamfanin Gallup ta nuna masu goyon baya kashi 27 ne cikin 100 a 1996, suka kai 60 a 2015, suka kai 71 a 2022. A 2025 sun ɗan sauka zuwa 68, a cikin 'yan jam'iyyar Republican kuwa daga 55 suka faɗo zuwa 41.

Irin wannan gardama ta ƙetara teku. Joseph Massad na Jami'ar Columbia ya rubuta a 2007 cewa ƙungiyoyin Turai da Amurka da ke kai wannan fafutuka ƙasashen Larabawa suna ɗora wa mutane suna da tutar da ba su san da su ba, daga baya kuma waɗanda aka ce ana karewa su ne ke shan dukan. An soke shi ƙwarai, aka ce ya mai da mutanen ƙasashen kamar ba su da bakin kansu. Amma a 2011, da Firayim Minista David Cameron ya yi barazanar rage agaji ga ƙasashen da ke da irin waɗannan dokoki, ƙungiyoyin Afirka masu yawa da ke wannan fafutuka su da kansu suka fitar da sanarwa suna roƙon kada a yi, domin a kansu fushin jama'a zai sauka.

To, yanzu ga inda na fi so ku tsaya, musamman ku 'yan makaranta. Bincike biyu ne suka fi kowane tayar da ƙura, ɗaya ya faranta wa masu suka, ɗaya ya faranta wa masu goyon baya, kuma dukansu biyu sun yi tuntuɓe.

Na farko na Mark Regnerus ne, malami a Jami'ar Texas, an buga shi a 2012. Kafin shi, yawancin nazarin da aka yi a kan yaran da suka tashi a hannun mata biyu ko maza biyu ya ce ba su da bambanci da sauran yara. Regnerus ya ce waɗannan nazarce-nazarcen ƙanana ne, kuma iyayen da suka kawo kansu ne aka tambaya, galibi masu ilimi da abin hannu. A nan yana da gaskiya. Shi sai ya tambayi mutum kusan 3,000 masu shekara 18 zuwa 39 daga ko'ina cikin ƙasar, ya auna su a kan abubuwa 40, kamar karatu da aikin yi da damuwar rai. Ya ba da sakamako cewa 'ya'yan masu neman jinsi sun fi shan wahala a abubuwa da yawa. Nan da nan aka kwashi takardar aka nufi kotu da ita.

Da sauran malamai suka buɗe lissafin sai suka ga ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar da ya yi ita ce ko mahaifiyarka ko mahaifinka ya taɓa yin soyayya da jinsinsa, ko da sau ɗaya. Waɗanda suka ce i ba su kai 250 ba, kuma mafi yawansu 'ya'yan auren mace da namiji ne wanda ya mutu, suka tashi tsakanin gidan uba da na uwa da na kaka. A cikinsu duka, mutum 2 kaɗai ne suka yi dukan ƙuruciyarsu a hannun mata biyu. Sa'an nan ya gwada su da yaran da iyayensu ke tare tun haihuwa har girma. Kowace malamar firamare ta san yaron da ake yawo da shi daga gida zuwa gida, yau agola gobe ɗan riƙo, ba ya zama daidai da wanda ke kwana ɗaki ɗaya tun yaye. Ashe abin da ya auna mutuwar aure ne da rashin zama wuri ɗaya. Ga shi kuma yawancin kuɗin aikin ya fito ne daga wata cibiya da ke adawa da auren jinsi. Jami'arsa ta bincika ta ce bai yi maguɗi ba, kuma ya kamata a faɗi wannan. Amma a 2014 alƙalin tarayya a Michigan, Bernard Friedman, ya ƙi karɓar shaidarsa, a 2015 kuma malamai biyu, Simon Cheng da Brian Powell, suka sake lissafin da alƙalumansa suka ga mafi yawan bambancin ya ɓace in an ware yaran yadda ya kamata.

Na biyu ya fi muni. Tun 1954 masanin halayya Gordon Allport ya ce cuɗanya tana rage ƙyama tsakanin mutane, a 2013 kuma cibiyar Pew ta tambayi Amurkawan da suka sauya ra'ayi zuwa goyon baya, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce saboda sun san wani ne, ɗan'uwa ko aboki. Saboda haka da mujallar Science, wadda tana cikin manyan mujallun kimiyya na duniya, ta buga wani bincike a Disamban 2014, kowa ya yi na'am. Wani ɗalibi mai neman digirin dakta a Los Angeles, Michael LaCour, tare da babban malami Donald Green na Columbia, suka ce an aika mutane gida-gida, kuma hirar minti 20 da mai neman jinsi a bakin ƙofa ta sauya ra'ayin mutane a kan auren, sauyin ya daɗe har watanni, har ya yaɗu ga sauran mutanen gidan. Jaridu suka ɗauka. Jami'ar Princeton ta ba LaCour aiki.

Waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Broockman da Joshua Kalla, abin ya burge su har suka so su yi irinsa. Da suka fara sai suka ga mutanen da ke amsa musu tambaya ba su kai ko kusa da yawan da LaCour ya ce ya samu ba. Suka tuntuɓi kamfanin da ya ce shi ya tattara masa amsoshi, kamfani ya ce bai san da wannan aiki ba, ma'aikacin da aka ambata ma babu mai irin sunansa. Suka duba alƙaluman tare da wani malami na Yale, Peter Aronow, suka ga sun yi kama da na wata tsohuwar ƙididdiga da aka ɗan yi wa kwaskwarima, kamar yaron da ya kwafi amsar na kusa da shi ya sauya 'yan lambobi don kada malama ta gane. Green ya nemi ainihin takardun, LaCour ya ce ya share su don tsare sirrin mutane. Green da kansa ya rubuta wa mujallar, a ƙarshen Mayun 2015 aka janye binciken, Princeton kuma ta janye aikin. Wata biyar ƙarya ta yi tana yawo, ta ratsa hannun babban malami da masu tacewa na babbar mujalla, babu wanda ya ce a kawo rajista a gani.

A ganina abin da ya haɗa Regnerus da LaCour shi ne kowannensu ya faɗa wa wani taro abin da yake marmarin ji, mai jin daɗi kuwa ba ya cika tambaya. Abin lura kuma, waɗanda suka tona asirin LaCour ba abokan gabar fafutukar ne ba, masu son sakamakon ya zama gaskiya ne. Abin da ya taimake su shi ne al'adar da ke tilasta wa mai bincike ya ajiye alƙalumansa a fili, kowa ya zo ya sake ƙirgawa. Wadda ta taɓa duba takardun jarrabawa ta san bambancin ɗalibin da ya rubuta amsa kawai da wanda ya nuna yadda ya yi lissafin.

Su Broockman da Kalla ba su tsaya nan ba. Sun tafi Miami a jihar Florida suka yi aikin da gaske, wannan karon a kan ƙyamar da ake yi wa masu sauya jinsi. Mutum 56 suka bi gida-gida suka yi magana da masu jefa ƙuri'a 501, kimanin minti 10 kowanne. Maimakon wa'azi, sai su roƙi mai gida ya tuna wata rana da aka wulaƙanta shi don ya bambanta da sauran mutane, su saurare shi, sa'an nan su kawo batun. An buga sakamakon a mujallar Science ɗin dai a 2016. Ƙyamar ta ragu, raguwar kuma tana nan har bayan wata 3 da aka sake tambaya. Sai dai babban abin da LaCour ya yi iƙirari bai fito ba: ko mai ƙwanƙwasa ƙofar yana cikin mutanen da ake magana a kansu ko ba ya ciki, sakamakon kusan ɗaya ne. Mutum 501 ne, a birni ɗaya, na tsawon wata 3, kuma sun ajiye alƙalumansu a intanet ga duk mai son ya duba.